Riga Ta Huɗu

Hannun Iya na cikin tulin gwanjo har gwiwa lokacin da ta jawo rigar. Shuɗiya ce, ta 'yar shekara biyar, mai aljihu biyu. Ta juya gindinta, sai ga ninki uku da take yi wa duk ɗinkin yaro, don a riƙa warwarewa yana tsawo. Duk garin babu mai ɓata lokacinsa da wannan sai ita.

Kwana huɗu ta yi a kan rigar nan. Daga wani zabgegen siket ta fitar da ita: ta farke shi da reza, ta wanke, ta mayar da gefen da ya koɗe ciki, ta hau tsohon kekenta mai ƙafa har ƙugunta ya sage. Don jikarta Tsigi ta yi, ta linke a leda ta ba ɗanta ya kai gida. Yau ga ta tsakanin wandunan baƙi, tana warin dilar gwanjo. Kuma wannan ce ta uku da ta tsinta a nan.

"Wa ke kawo maka waɗannan?" ta tambayi mai gwanjo.

"Wata farar mota ce, Iya. Da safe take tsayawa, a miƙo min leda ta taga. Ko sisi ba a karɓa."

Ko sisi! Wato ɗinkinta bai ma kai a sayar ba, shara ce ake neman inda za a zubar. Farar mota kuwa ta san ta sarai. Ta gidan ɗanta ce, surukarta ke janta zuwa asibitin da take aiki, da farin takalminta da ɗaga hancinta.

Da ma can jininsu bai haɗu ba. Yarinyar ba ta da aiki sai murmushin nan na raini. Kwanaki har cewa ta yi, "Iya, yaushe za ki ɗinka wa Tsigi ko da siket ne?" Bayan riga biyu! Iya ta haɗiye, don ba ta son ɗaga wa ɗanta hankali. Yaro ne mai haƙuri. Da wannan keken ta raine shi bayan rasuwar ubansa. Rigar makarantarsa daga labule ta fito, wandon daga tsohon kwat, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce uffan ba. Har gobe duk ledar da ta ba shi, da hannu biyu yake karɓa, yana kallon ƙasa.

Daga kasuwa ba ta biya gida ba. Ta buga ƙofar ɗanta da tafin hannu, surukar ta buɗe, Iya ta wurga mata rigar a ƙirji.

"Ki kalle ta da kyau! Ta yi miki wari ne, ko hannuna ne ke da kuturta?"

"Iya, rigar wa ce wannan?"

"Au, rigar wa ce? To ji nan. Ƙafarki kada ta sake taka gidana. Kuma sai na nuna wa ɗana irin macijiyar da ya ajiye a ɗaki."

Ta juya, ta bar ta tsaye da riga a hannu, baki buɗe. Iya ta ce a ranta, wannan ko a wasan kwaikwayo sai haka.

Amma ta san ɗanta ba ya kama magana sai da shaida, kuma ta ƙudura sai auren nan ya girgiza. Ta sayi wata jar rigar barci ta manya a arha, ta zauna. Ta yanka, ta tattare wuya, ta ciro maɓallai daga gwangwanin da take tarawa. Allura ta soke ta sau biyu, ba ta ko tsotse yatsan ba. Ba ta taɓa ɗinki da baƙin ciki irin wannan ba, kuma abin haushi, ba ta taɓa yin mai kyansa ba.

Ran Laraba da yamma ɗan ya biyo daga ofis. Ta ba shi ledar kamar kullum. Shi kuwa bai ɗaga zancen rigimar ba, ya yi godiya ya tafi.

Washegari tun ana kafa rumfuna tana bayan manyan rigunan sanyi da mai gwanjo ya rataye. Ta riƙe wayarta, maƙwabciya ta koya mata inda ake dannawa a ɗauki murya. Ƙura na shiga hancinta, ƙafafunta sun yi tsami, tana ta jera kalmomin da za ta yaɓa wa yarinyar a gaban jama'a.

Farar motar ta tsaya. Gilashi ya sauka kaɗan, ledarta ta leƙo, da ƙullin da ta yi mata ba a ko kwance ba. Iya ta danna wayar, ta matso.

"Ga wata," aka ce daga ciki. "Ka sayar ko ka ƙone, duk ɗaya. Shekara goma sha biyu ana yi min dariya a makaranta saboda ɗinkin nan. 'Yata ba za ta yi kwana ɗaya a cikinsa ba."

Iya ta sauke wayar a hankali. Ba ta buƙatar shaida kuma, don babu uwar da ke kasa gane muryar ɗanta.