Jan Man Giya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, Andarawus ya buɗe injin tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya tarar dauɗa ta daskare a ciki kamar laka. Ita kaɗai ce mota a Tungar Ɗorawa, ɗan ƙauyen masunta da manoma a bakin tafkin Kainji.

Ya yi mata abin da ya koya a garejin Yelwa tun yana saurayi. Ya ɗauko galan ɗin jan man giya, wanda ake zuba wa giyar mota, ya juye shi cikin injin har ɗigon ƙarshe, ya tayar da motar ya bar ta tana gurnani. Maƙwabcinsa Tanimu yana gefe yana ɗinkin taru.

"Wanga mai sai ka ce zoɓo," in ji Tanimu.

"Wanki zai yi mata. Shi ke kwaso dattin."

Da ya kwance notin ƙasa, abin da ya zubo cikin kwanon baƙi ne wuluk, da gudaji. Ya gyaɗa kai. Sai a lokacin ya tuna sabon baƙin man da ya ajiye ya ba da shi ga injin niƙa na coci. Ya hau babur ya nufi Wara sayo wani, ya bar motar ba ko ɗigon mai a cikinta.

Hantsi bai gama ɗagawa ba labari ya iso. 'Yan bindiga sun ƙone rumbuna a tungar da ke gaba, kuma nan suka dosa. Samari duk suna can tsakiyar ruwa da jiragensu. Kwalekwale biyun da suka rage suka kwashi yara suka tafi. Aka bar tsofaffi da mata, har da Marta matar Andarawus, da 'yarsu Rebecca mai tsohon ciki, wadda ko sauri ba ta iya yi. Suka taru a jikin motar, kowa ya dafa ta, ko da yake sun san ba za ta motsa ba.

Wajen tsakar rana aka ji ƙarar bindiga ta ɓangaren hanyar Wara. Daga nan shiru. Shirun ya fi ƙarar muni.

Rana ta karkata kafin Andarawus ya ɓullo ta cikin gonar dawa, a ƙasa, galan a kafaɗa. Ya zuge rigarsa ta babur har wuya, cikin wannan zafi.

"Baban Rebecca, ina babur ɗin?" in ji Marta.

"Na bar shi. Ku hau."

Marta ta dubi wandonsa, ta ga ja ya jiƙa shi har gwiwa. "Mi ne ne wannan?"

"Man giya ne na ɗazu. Hau mota, Marta."

Ya miƙa wa Tanimu galan ɗin. "Zuba mani, maƙwabci, hannuna da santsi." Shi da ba ya bari kowa ya taɓa masa inji, ya jingina da ƙofa yana nuna inda za a zuba.

Motar ta tashi a bugu na uku. Bai bi babbar hanya ba, sai ya bi burtalin shanu da ke bin gaɓar ruwa. A bayansu, can nesa, ana jin kukan babura.

Tanimu, da ke tsaye a baya, shi ya fara ganin abin. Jajayen ɗigo suna bin su a kan yashi, ɗaya bayan ɗaya. Ya buga rufin motar da tafin hannu.

"Andarawus! Wagga mota yoyo takai!"

Kowa a motar ya san in mai ya tsiyaye inji zai buga, su tsaya cak a fili, ba ko bishiyar fakewa. Inna Zuliha, ɗaya daga cikin tsofaffin, ta kama salati. Wata tsohuwa ta fara Addu'ar Ubangiji, ta kakare a tsakiya, ta koma farko.

"Ragowar jan man ne ke fita," Andarawus ya amsa ta taga. "Ba mu tsayawa."

Da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana cikin riga. Kullum shi ke rera waƙar coci a kan sitiyari, amma ran nan Marta ya ce ta rera. Ta rera, idonta a kan ƙaramar fitilar mai, tana jiran ta kunnu. Ba ta kunnu ba. A wani kwari tayoyin suka nutse cikin yashi, injin ya yi kuka har mata suka rufe ido, sannan motar ta fita. Kukan baburan ya yi ta raguwa har ya ɓace.

Da la'asar suka shiga Wara. Andarawus ya ajiye motar daidai a inuwa, ya ja birkin hannu, ya kashe ta, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari. Marta ta ce a bar shi ya huta. Tanimu ya zagaya ya zaro ma'aunin mai don ya ga abin da ya rage. Man cike yake, garau kamar zuma. Ya duba ƙarƙashin injin, ya same shi a bushe.

Ga waɗanda suka saura bayan wannan rana: Marta, Rebecca, da ɗan da ta haifa ranar Juma'a, Tanimu, Inna Zuliha, tsohuwar da ta kakare a addu'a, da duk wanda ya hau bayan motar. Ita ma motar tana nan, injinta lafiya lau.

Andarawus ne kaɗai babu. Jan man giya ya ƙare tun da safe, kuma baƙi wuluk ya fito daga injin. An harbe shi ne a hanyar dawowa daga Wara, kuma abin da ya yi ta ɗiga daga ƙarƙashin kujerar direba, tun daga tunga har cikin gari, jininsa ne.