Wanda Doreen Ta Sani

Malama Bernice, mai kula da marayu, ba ta wasa da dokar miƙa yara. Tun da aka kwaso marayun ƙauyen da aka ƙona zuwa harabar wata coci a Kafanchan, masu tallafi suka kafa sharaɗi: ba a ba kowa yaro sai yaron da kansa ya nuna ya san mutumin, a gaban shaidu. Ɓarayin yara sun yi yawa, wa zai ga laifinta?

Doreen ce ta fi damunta. Shekararta shida, kuma tun ranar harin ko uffan ba ta ce ba.

Wata tsohuwa, Lai'atu, ta zo daga asibiti, fuska naɗe da bandeji saboda ƙuna, ta ce jikarta ce. Doreen na ganinta ta shige ƙarƙashin benci.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji Bernice. "Ba ta san ki ba."

Tsohuwa ta tare a bakin ƙofa, kullum tana nan. Bernice na jin tausayinta, tana kuma tsoronta. Wa ya san fuskar da ke cikin bandejin nan?

Ranar da tsohuwar ta tafi wankin ciwo, sai ga wani mutum a kan babur, tsaf-tsaf da shi, da ledar biskit. Ya ce shi ƙanen uban Doreen ne, gonar cittarsu ma iyaka ɗaya. Tambaya ɗaya ya yi: "Ta fara magana?"

Aka kira shaidu. Bernice ta durƙusa. "Doreen, kin san wannan mutumin?"

Yarinya ta ƙame. A hankali ta ɗaga hannu ta nuna shi, ta gyaɗa kai, hawaye shar.

"Mun gode Yesu!" Shaidu har da tafi. Bernice ta ɗauke su hoto da wayarta kamar yadda doka ta ce. Doreen ta ƙanƙame mata zane, da ƙyar aka ɓamɓare ta. Sabo ne, haka yara suke. Babur ya kama hanyar Kagoro da ita.

Da yamma Lai'atu ta dawo. Bernice ta miƙa mata wayar da fara'a. "Mama, an samu ɗan'uwanta. Wannan kam ta san shi."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon hoton.

"Ta san shi mana," ta ce. "A gabanta ya sare ubanta."