Tsayuwar Azahar a Hanyar Brebes

Warsini ta gyara wa yaron kwanciya a kafaɗarta, ta ƙara damƙe hannun yarinyar, ta ratsa tsakanin manyan motocin da suka tsaya azahar a bakin hanyar garin Brebes, a ƙasar Indonesiya. Saura kwana biyu Sallah, duk mai aiki a Jakarta ya kama hanyar garinsu. Filin ya cika da babura da kwalaye ɗaure da igiya, layin shiga bayi ya kai har ƙofar masallaci.

Yaron bai cika shekara biyu ba, barci yake yi. Yarinyar za ta kai huɗu, tana tafiya tana waiwaye.

"Ibu, ga ƙwan agwagwa mai gishiri, tsarabar surukai," in ji Kasmuri mai tebur. Haka yake kiran duk macen da ta gifta. Warsini ba ta kalle shi ba.

Ta kusa ƙarshen filin, inda ƙananan motoci suke, sai ta ji gudu a bayanta. Kafin ta juya wani mutum ya cafke ɗaya hannun yarinyar. Ramamme ne, gashinsa a birkice, hannuwansa a jiƙe, ƙafarsa ɗaya ba takalmi, da jaka rataye a wuyansa. Ya fizga. Yarinyar ta ƙwalla ƙara.

Warsini ba ta tsaya jayayya ba. Sau ɗaya ta buɗe baki.

"Ɓarawon yara!"

Mako biyu ke nan saƙonni suna yawo a wayoyi cewa ana sace yara a tashoshi. Kowa a filin ya karanta, kowa ya tura wa wani.

Wani mai babur ne ya fara isowa. Ya cire hular kwanonsa ya maka wa mutumin a baki. Haƙora biyu suka faɗi a ƙasa. Mutumin ya durƙusa, amma bai saki yarinyar ba, sai da wani yaron mota ya taka masa wuyan hannu har ƙashi ya yi ƙara. Daga nan aka rufe shi da duka. Masu takalmi suka yi ta shuri, Kasmuri ya zo da sandar gora, wata mata ta jefo kujerar roba ta saman kawunan mutane.

Yana ta ƙoƙarin magana, jini yana cika masa baki. Abin da aka iya ji kawai shi ne, "Yarana."

"Yaranka? Da wannan fuskar?" in ji mai babur. "Haka wanda aka kama a garin Cirebon ma ya ce."

Igiyar jakar ta tsinke, kayan ciki suka watse: alewa, kwalbar madara, 'yar tsana mai hannu ɗaya, ƙananan riguna biyu sababbi da takardar kanti a jikinsu.

"Ku duba kayan aikinsa. Har da na canja musu kama," in ji Kasmuri.

Wani ya ɗauko kwalbar fetur daga teburin da ke bakin titi ya cire murfin. Mutane suka ja baya kaɗan, suka ba shi wuri.

A nan ne Mbah Tarjo, tsohon da ke share masallacin, ya kutsa da tsintsiyarsa ya tsaya a kan mutumin.

"Cikin azumi? Ku mayar da kwalbar nan. Yarinya tana da baki, a tambaye ta."

Ya tsuguna a gabanta. Yarinyar ta ƙanƙame zanen Warsini da hannu biyu.

"'Yar nan, kada ki ji tsoro. Wace ce wannan da kika riƙe?"

Yarinyar ta ɗaga kai ta dubi Warsini.

"Ibu."

Da wannan kalmar kowane yaro yake kiran uwarsa. Aka yi guna-guni. Amma tsohon mai bin abu daki-daki ne, ya sa aka ɗago kan mutumin ta gashi.

"Wancan fa? Kin san shi?"

Ido ɗaya ya rufe, hanci ya karkace, daga goshi zuwa haɓa babu inda jini bai rufe ba. Yarinyar ta kalla, ta yi kururuwa, ta cusa fuskarta cikin zanen. Mutumin ya miƙo mata hannun da bai karye ba. Aka buge hannun da gora.

Mbah Tarjo ya miƙe a hankali. "Ban da wuta dai, kusa da masallaci muke," in ji shi, ya matsa gefe.

Can nesa ana jin jiniyar 'yan sanda, ta maƙale a cunkoson Sallah, ba ta gaba ba ta baya.

Mata suka kewaye Warsini suna yi mata barka. Wata ta ba ta ruwa don yaran, wata ta shafa kan yaron, wanda ya farka yana kuka yana ture wuyan Warsini. Ta gode musu, ta ce mijinta yana jira, hanya da sauran nisa. Suka buɗe mata hanya.

Wata farar mota tana tsaye a bayan wani shago, injinta a kunne. Ta shiga baya da yaran, direban ya hau titi. Ƙarar gora ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Sai da suka wuce gonakin albasa yarinyar ta daina sheshsheƙa. Ta leƙa ta gilashin baya.

"Ibu, Baba ya ce mu zauna a benci kusa da ke har ya fito daga bayi."

"Zai same mu a gaba," in ji Warsini, tana goge mata ɗigon jini a kumatu. "Ke 'yar nan, yaya sunanki?"