Rigar Makarantar da Ummusalma Ta Ɗinka

Ummusalma tela ce a kasuwar Bukuru, kuma ba abin da ke hana ta sukuni kamar 'yarta Rahma. Yarinyar ba ta cika shekara huɗu ba, amma ƙiriniya kamar ɗan akuya. Shagon ɗan ƙarami ne, ga almakashi, ga allurai, ga dutsen guga na gawayi. Ranar da Rahma ta dafa dutsen gugar ta ƙone tafin hannu, uwar ta rantse sai ta nema mata makaranta. Mijinta Sharafaddeen direban bas ne, in ya fita da asuba sai dare. Makarantar kuɗi kuwa ta fi ƙarfinsu.

Sai ta nufi firamaren gwamnati ta unguwarsu, inda ake da ajin rainon yara kyauta.

Hedimasta ya girgiza kai. "Hajiya, ki yi haƙuri, ajin nan ya cika maƙil. Malama ɗaya gare mu a ajin, Malama Firisila. Mai taimaka mata ta yi ritaya, har yau ba a turo wata ba, kuɗin gyara ma shiru kake ji. Amma ki zo taron iyaye ranar Asabar. So muke mu haɗu mu je ƙaramar hukuma, ko a ƙaro mana malamai."

Taro kuma? Ummusalma ta taɓe baki. Ita da ɗinkin biki ya sha mata kai, ina ta ga lokacin zaman surutu? Tana fita ta tsaya ta ƙare wa rigar yaran kallo da idon tela. Yadi ne shuɗi mai layin fari, irin wanda ake sayarwa a layin bayan shagonta.

Kafin la'asar ta ɗinka wa Rahma irinta sak. Washegari ta kai ta ƙofar makaranta daidai lokacin da yara ke turereniyar shiga, ta cusa ta cikinsu, ta juya abinta. Ba wanda ya tambaya. Yara sun haura ɗari a ɗaki guda, wa zai lura an ƙaru da ɗaya?

Dabarar ta yi mata daɗi har ta kasa riƙe bakinta. Nan da nan maƙwabta suka fara kawo mata yadi a ɗinka wa nasu. Tana ɗinki tana dariya tana cewa, "Su yi ta taronsu, mu dai yaranmu suna aji."

Aka yi makonni a haka. Ran nan, cikin damina, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen duwatsu. Ummusalma ta rufe shago ta yi sauri ta je ɗauko 'yarta. Ta tarar an tashi, iyaye suna ta jan yaransu. Ta duba aji, ta duba gindin bishiya, ba Rahma. Ta nufi wajen malamar.

"Malama, ina Rahma?"

Malama Firisila tana durƙushe tana sa wa wani yaro wando, wani kuma yana kuka riƙe da zanenta. Ta ɗago a gajiye. "Wace Rahma, Madam? Rahma biyu gare ni, duk an zo an tafi da su."

"Tawa fa! Fara, 'yar siririya, mai tabon ƙuna a hannu!"

"Ban san ta ba. Yaushe aka rubuta ta?"

Ummusalma ta sunkuyar da kai. Malamar ta dube ta, ta gane cusa yarinyar aka yi, ta miƙe zumbur.

"Wayyo Allah! Madam, me kika yi? Lokacin tara, da aka fita hutun safe, na kai wasu banɗaki, ba wanda zan bari a ƙofa. Da suka dawo na kira sunan nawa, kowa ya amsa. Ta ina zan san akwai wadda ba ta dawo ba?"

Tun lokacin tara ke nan! Ummusalma ta ɗora hannu a ka. Ta fita da gudu ba ko mayafi, tana ƙwala kiran Rahma. Hedimasta da malamai suka bazu cikin unguwa. Aka buga wa Sharafaddeen waya, ya sauke fasinjojinsa a hanya ya taho. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. An tambayi masu kayan miya, an tambayi 'yan acaɓa, kowa ya ce yara masu shuɗiyar riga ai da yawa sun wuce.

Wata tsohuwa mai gasa masara ce ta ce ta ga wata 'yar mitsitsiya ta bi ta inda katangar makarantar ta rushe. Kowa ya ruga can, domin a bayan katangar akwai tsohon ramin haƙar kuza, kuma damina ta cika shi taf.

Wasu samari masu wankin mota ne suka shiga ramin. Ummusalma tana bakin ramin cikin taɓo, tana roƙon Allah Ya sa ba ta ciki. Ba su daɗe ba suka fito da Rahma, rai ya riga ya yi halinsa.

Sharafaddeen ya rungumi gawar 'yarsa, ya juyo kan malamar idonsa jajur. "Ke aka ba amana!"

Ummusalma ta riƙe hannunsa tana kuka mai cin rai. "Ba a ba ta ba, Baban Rahma. Wallahi ban taɓa gaishe ta ba ma. Ni ce."

Iyaye, ajin rainon yara ba wurin ajiya ba ne. Yaron da malama ba ta san da shi ba, ba ya hannun kowa. In an ce aji ya cika, kada mu cusa 'ya'yanmu ta bayan fage. Mu haɗa kai mu matsa wa hukuma ta ƙaro malamai, ta gyara makarantunmu.