Ƙofar da Aka Tokare

Kai, rufe min baki! Wai don me na hana shiga banɗaki da waya? Gidanka ne ko nawa? To, jikoki, ku buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa.

An yi wani akawu mai ji da kai, ko mai goge-goge ta gaishe shi ba ya amsawa. Daga safe har la'asar yana manne da kujera yana buga wasiƙu. Ba ya shan ruwa, sai shayi. Ƙarfe goma ya naɗe jarida ya shige banɗaki, rabin awa yana yunƙuri.

Sai jini ya fara fita in ya yi bayan gida. Zama ya koma kamar a kan garwashi. Wa zai gaya wa? Abokan aiki, su mai da shi abin dariya? Gara ya mutu.

Wata safiya ya tarar da gorar ruwa a teburinsa. Washegari gwanda. Rana ta uku, matashi mai rami a tsakiya. Ba takarda, ba rubutu. Wani ya sani ke nan. Duk wanda ya yi murmushi sai ya zarge shi. Ya jefa matashin a kwandon shara. Da safe ga shi a kujera, an kakkaɓe shi.

Ranar da jinin ya yi yawa, ya miƙe a banɗaki jiri na ɗibarsa, ya tura ƙofa. Ta ƙi. An tokare ta daga waje.

Wata murya, an toshe baki da mayafi, ta ce, "Malam, turo jaridar ta ƙarƙashin ƙofa, ka rantse yau za ka ga likita."

"Kin san ko ni wane ne?"

"Na san abin da kake bari a nan kullum. Rantse, ko in kira ofis duka su buɗe ka."

Ya rantse. Da ya fito babu kowa, sai ƙasa a jiƙe.

Likita ya ce basir ne, bai kai ga tiyata ba: sai shan ruwa da yawa, ganye, zama cikin ruwan ɗumi, ban da yunƙuri, ban da daɗewa a banɗaki. Ya warke. Har amsa gaisuwa ya koya.

Ku tashi ku kwanta. Kuma wanda ya gaya wa kakanku akawu cewa sandar goge-gogena ce ta tokare ƙofar nan, ni da shi ne.