Notin Tagulla da Idon Dattijo

Tunda an ɗora maka sayo kayan aiki, saurari wannan. An yi wata mata a masana'antar da ke haɗa kawunan tukwanen iskar oksijin na asibiti. Aikinta nemo masu kawo ƙananan sassa, ta auna abin da suka kawo, ta karɓa ko ta mayar. Cikinsu akwai wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe, ya daɗe yana yi musu notin tagulla, kowanne ya zauna daram. Wata rana kayansa suka zo da kuskure, bai fi kaurin gashi ba, amma ta nan iska za ta zurare ta bar majinyaci yana haki. Manaja ya ce a sallame shi. Ita ma ta san ba za ta karɓa ba, rai ba abin wasa ba ne. Sai dai ba ta aiki direba ba, da kanta ta ɗauki kwalin notin zuwa shagonsa. Ta tarar da dattijon ya kai ma'auni har bakin hancinsa yana ƙanƙance ido, na dama ya yi fari fat da yanar ido. Ta jira shagon ya yi shiru, sannan ta durƙusa ta ce, "Baba, waɗannan ba za su shiga ba. Amma gurbinka yana nan. Gobe zan zo mu je a duba idon." Ya sunkuyar da kai, ya ce ko iyalinsa bai faɗa wa ba.

Ta nemo wani kamfani ya riƙe musu aikin, ta kai dattijon aka yi masa fiɗa, ya warke. Da damina ta yi nisa, ciwon haƙarƙari ya cika ɗakunan yara a asibitoci, ana neman tukwane ido rufe. A daidai lokacin kamfanin nan ya samu babban ciniki, ya daina ɗaukar wayarta. Masu babban cinikin sun je wa dattijon ma, ya ce su yi haƙuri, 'yarsa da ta kai shi aka gyara masa ido tana jira. Matar tana zaune ta rasa inda za ta sa kanta, sai ga shi a keke napep da kwalaye a cinya. Ta auna ɗaya bayan ɗaya, ko guda ba ta ware ba. Kafin magariba motar farko ta tashi zuwa asibiti.

Shi ya sa Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.