Shafi na Tara

Da gindin bindiga suka zubar wa tsohon malamin haƙora biyu, sannan shugaban ƴan fashin ya buɗe littafin tsohon. Cike yake da lambobin wurare, tun daga Agadez har Tchibarakaten.

"Ramukan zinariya ke nan ko, tsoho?"

"Zanzaro ne, ɗana, mai farautar gizo-gizo. Inda na kama shi nake rubutawa."

Aka karya masa yatsa. Wuƙa ta hau maƙogwaronsa.

"Ina ka fi samu?"

"Shafi na tara."

Bai kuwa yi ƙarya ba. Suka yar da shi, suka figi mota. Ya kwanta cikin jininsa yana saurare. Zanzaro danshi yake bi, danshi kuwa a wannan hamada sai bakin rijiyar sojoji.

Can nesa, harbi ya kaure.